Makon Bikin Godiya

Litinin

Tun da hantsi aka fara kawo hatsin baiko. Da yake ni ne ma'aji, na zauna a bakin ɗakin ajiya da littafi ina rubutawa: wane buhun masara, wance tiya biyar ta waken suya, ga wani yaro da zakara a ɗaure. Da yamma kwamiti ya zauna a kan magana ɗaya: in an yi gwanjon kayan ran Lahadi, ina kuɗin za su fara zuwa? Galibi suna so a shimfiɗa tayil a majami'a, a sayo sababbin lasifika. Na roƙi a ɗaga maganar zuwa Juma'a.

Talata

Mai bisharar da muka tura ƙauyen hayin rafi ya zo a kan kekensa, tayar gaba ɗaure da roba. Alawus ɗinsa ya tsaya tun tsakiyar damina, amma bai ɗauko zancen ba. Abin da ya kawo shi Littafi Mai Tsarki ne, ko guda biyu, domin magidantan da yake koya wa karatu a gindin tsamiya sun fara haɗa baƙi, kuma littafinsa kaɗai suke karɓa-karɓa. Maiɗakina ce ta gaya mini da dare cewa daddawar da matarsa ke sayarwa ita ke riƙe da gidan.

Laraba

A addu'ar tsakiyar mako wani dattijo ya karanta Haggai sura 1, inda annabin ya tsawata wa jama'a don sun ƙawata gidajensu sun bar Haikali kango. Kowa ya gane inda aka dosa. Ban ga laifin dattijon ba, da zuciya ɗaya yake ƙaunar ɗakin Ubangiji, kuma da hannunsa ya ɗauki bulo lokacin gini. Amma na dawo gida na sake karanta wurin a tsanake. Haggai ya yi magana a shekara ta 520 kafin haihuwar Almasihu, shekara ta biyu ta sarautar Dariyus, ga mutanen da suka dawo daga bauta a Babila suka aza harsashi, sa'an nan suka watsar da aikin shekara da shekaru. Su ba su da ɗakin sujada. Mu namu yana tsaye, da kwano da siminti, ko ɗigo ba ya yi. Abin da muka bari kango a hayin rafi yake, kuma da rai da iyali.

Na lura mun saba ɗaukar cewa duk abin da aka kashe a jikin gini, Allah aka sa gaba. Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuwa idon baƙin da za su zo taron gunduma muke ji.

Alhamis

Wani saurayinmu da ke aiki a Abuja ya iso domin biki, ya biyo gaisuwa. Ya ce, "Baba, ina so in yi alkawarin rabin kuɗin tayil ran Lahadi, a sanar." Na sa masa albarka, sa'an nan na tambaye shi ko ya leƙa ɗakin mahaifiyarsa. Na san ɗakin. Shekaranjiya na ga daron da take tara ruwan ɗigo har yanzu yana kusurwa, ga kwalin maganin hawan jini babu ko ƙwaya. Na buɗe masa Markus 7, inda Yesu ya tsawata wa malamai don suna barin mutum ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya riga ya keɓe wa Allah. Na ce, "Ɗana, fara da Iya. Abin da ya ragu ka kawo, ko ba a kira sunanka ba." Ya yi shiru ya daɗe, ya ce zai yi tunani.

Juma'a

Zama ya yi zafi. Wani ya ce ikilisiyar maƙwabta ta riga mu, matasa za su gudu can. Na ba su labarin Wusasa. Majami'ar Saint Bartholomew da aka gina a 1929 da ƙasa aka yi ta, ginin Hausa, tana nan har yau. A zamanin nan ne Dakta Walter Miller da abokan aikinsa suka duƙufa kan fassara, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ga makaranta ga asibiti a gefe. Abin da suka ba fifiko shi muke cin moriyarsa.

Baba Fasto bai yi dogon bayani ba. Ya tuna mana Ayyukan Manzanni sura 6: da aka yi gunaguni ana mantawa da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ce ƙaramar magana ce ba, mutum bakwai aka zaɓa, har da Istifanus. Shugabar Zumuntar Mata ta ce, "Baba, mu mun san gidajen da ba a ɗora tukunya sau biyu." Aka tsayar: a fara biyan mai bishara bashinsa duka, a ware buhuna domin gwauraye da marayu kafin gwanjo, a sayi littattafai. Lasifika a gyara tsofaffin. Tayil sai baɗi. Mutum biyu sun fita ransu a ɓace, kuma dole in bi su gida, domin ba zan so mu ci Jibin Ubangiji da wannan a tsakaninmu ba.

Asabar

Na je wurin dattijon da ya karanta Haggai. Mun sha kunu, mun yi addu'a. Bai sauya ra'ayi ba, amma ya ce zai zo.

Lahadi

Mata sun shigo da rawa, ƙwarya a ka, ana kaɗa tulu da caki. An yi gwanjo har la'asar, zakaran yaron nan ya yi kuɗi ninki uku don ana ta ƙari da gangan. Saurayin Abuja bai tashi ya yi alkawari ba. Ƙaninsa ya ce mini an kai bandir ɗin kwano gidansu jiya. Na damƙa wa mai bishara kuɗinsa a gaban sakatare, ya sa hannu. Littattafan kuwa sai Laraba, in na shiga Zariya.