Bindigar Mahaifina da Asalinta

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya yi wa wani Bature aikin kuku shekaru da yawa. Da Baturen zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa bindigarsa mai baki biyu, wadda yake harbin zabi da agwagin ruwa da ita. A gidanmu kowa ya haƙiƙance cewa asalinta ta Sarkin Ingila ce, ni ma da wannan magana na tashi.

Bayan rasuwarsa, ƙanena ya ce zai fita farauta da ita. Na ce ya dakata tukuna. Ko aure za a yi, ai sai an bincika asali, balle abin da mutum zai ɗora a kafaɗa ya ja kunamarsa.

To, a Ingila ba a sayar da bindiga sai an jarraba ƙarfenta an buga masa hatimi. Gidajen jarrabawan nan biyu ne, ɗaya a Landan, ɗaya a Birmingham wanda aka kafa a 1813. Manyan maƙera kuma, irin su Purdey da ya buɗe a Landan a 1814, suna da littafin da suke rubuta lambar bindiga da sunan wanda aka ƙera wa. Watau asalin bindiga yana jikinta, yana kuma cikin littafi.

Sai na kwance ta, na juya ƙarƙashin ƙarfen. Na ga sanduna biyu a gicce da kambi bisansu. Wannan tsohon hatimin Birmingham ne, wanda aka canja a 1904. Ashe bindigar ta girmi mahaifina. Ban ga sunan sarki ba, ban kuma ga hatimin da ke nuna an jarraba ta da albarushin zamani ba. Baƙin albarushi na dā kaɗai ta sani, harsashin yanzu kuwa yana iya fasa ta a hannun mai harbi.

Ƙanena ya ji zafin rushewar labarin Sarki, har ya kwana biyu ba ya yi mini magana. Amma ga shi nan yau da yatsunsa goma.

Ya kai mai karatu, in ka gaji wani abu, ka saurari labarin da dattawa suka ba ka a kansa, sa'an nan ka duba abin da aka rubuta a jikinsa. Bindigar tana rataye a ɗakina har yanzu, kuma darajarta a wurina ita ce hannun mahaifina ya riƙe ta.