Mazarin Gwaggo da Kalmomin Juyi

Ranar da aka raba kayan Gwaggo a gidanmu na Baure, kowa ya ɗauki rabonsa aka bar wata tsohuwar taskira a ƙuryar ɗaki. A cikinta akwai mazari biyu da guntun alli da ragowar abawa. Ni na ɗauke ta, domin akwai bashin wata kalma tsakanina da mai ita, wanda har ta koma ga Mahaliccinta ban biya ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma kaɗi ne sana'arta. Takan gurje auduga ta fitar da angurya, ta shiɓe ta, sannan ta shafa alli a yatsu ta murza mazari. Idan ya ɗauki gudu sai ka rantse a tsaye yake cak, alhali zare na ta taruwa a jikinsa. Yau yaran da ba su taɓa ganin mazari ba suna cewa jikin wane na rawa kamar mazari. Sana'ar ta ja baya, kalmar ta zauna.

Bahaushe bai tara duk motsin da ke juyawa a kalma guda ba. Ya duba abin da motsin ke haifarwa, sannan ya raɗa masa suna. Kaɗi da naɗi tarawa suke yi: na farko ya mai da auduga zare, na biyu ya mai da ƙyalle rawani. Shi ya sa ba mu cewa an ba mutum sarauta kawai, sai mu ce an naɗa shi, kamar yadda aka naɗa Alhaji Umar Faruk Umar Sarkin Daura a 2007. Murɗa kuwa akwai tilas a cikinta. Ciki na murɗawa, ana murɗe wa yaro kunne, ana kuma murɗe zaɓe, duk da fi'ili ɗaya, domin a kowanne an karkatar da abu ba da son ransa ba.

Zagaya da kewaya su ne masu kunya. Baƙon da ya ce zai zagaya, ba wanda zai tambaye shi ina za shi, makewayi ake nuna masa. Mai jin nauyin roƙo yakan yi ta kewaye-kewaye kafin ya iso ga buƙatarsa. Da mota ta zo sai muka ari kwana daga bakin Turawa, muka ba direba, daga baya muka miƙa wa mayaudari, muka ce ya cika kwana-kwana.

Amma uwarsu duka ita ce juya, mai mai da sama ƙasa. Mai waina tana juya ta a tanda don kada ta ƙone. Ɗan kasuwa yana juya kuɗi don su haihu. Aboki yakan juya maka baya, mai makoki yana cikin juyayi, wato zuciyarsa ce ke ta juya abin da ya riga ya wuce. Da sojoji suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966, wannan kalma ta gaban murhu ce ta ɗauki nauyin labarin: juyin mulki.

Mu mutanen ƙasar Daura mun ga juyi iri-iri. Bayan jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga birnin, zuriyarsu ta zauna a Zango da nan Baure kusan shekara 100, har Turawa suka mai da Malam Musa gadon Daura a 1906. Juyin mulkin 31 ga Disamba 1983 ya ɗora ɗan Daura, Muhammadu Buhari, na 27 ga Agusta 1985 ya sauke shi, ƙuri'a kuma ta dawo da shi a 2015. Na 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka yi shi, amma da aka rufe iyaka, masu bin hanyar Babban Mutum zuwa Magarya ne suka kwana da shi, jarinsu ya daina juyawa. Na gaba ya koma baya, kamar yadda karin magana ya faɗa game da duniya da rawar 'yan mata.

Akwai wata juya kuma, mai haruffa iri ɗaya, wadda ake kiran saniyar da ba ta haihuwa da ita, ake kuma jifan mace da ita. Gwaggo ta yi aure uku ba ta taɓa ko ɓari ba, ta dawo gidan ƙaninta ta zauna. A bakin matan unguwa na tsinci kalmar. Ina ɗan shekara 9, ta hana ni fita dandali da dare, sai na tsaya a ƙofar ɗakinta na jefa mata ita da ƙarfi yadda duk gidan zai ji.

Tsakar gida ta yi tsit. Mazarin bai tsaya ba. Sai da ta kai ƙarshen zaren ta naɗe shi, sannan ta ce, "Ɗan nan, miƙo mini allin can." Na miƙa mata hannuna na rawa. Ta shafa a yatsu ta ce, "Shi ma wannan juyawa yake yi, kuma da shi ake rufa wa mutane asiri." Ba ta kai ƙarata wurin Baba ba, ba ta kuma sake tayar da zancen ba.

Da kuɗin zarenta aka riƙa sayen kananzirin fitilar da na yi karatun jarrabawa da ita. Na girma, na kama aiki a Kano, nakan kawo mata atamfa da goro duk Sallah. Sau da yawa nakan zauna a bakin tabarmarta da niyyar in ce ta yafe mini, sai in ɓuge da kewaye-kewaye, in tambayi ciwon ƙafarta, in tambayi damina, in tashi.

Mazarin yana kan teburina yanzu. Na gwada murza shi ya fi a ƙirga, amma ko zagaye uku ba ya yi sai ya faɗi. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sa ta huta.