Tsohuwar Fijo ta Baba

Tun da Allah ya yi wa Baba rasuwa, motarsa Peugeot 404 ta dawo hannuna. Kullum da safe nakan duba baƙin mai da ruwan lagireto kafin in tayar da ita. Giyarta a jikin sitiyari take, abin da yaran zango ke leƙowa su gani ke nan.

An daina ƙera irinta a Faransa tun 1975, saboda haka kayanta da masu gyaranta sai an tona. Bara ta ƙi tashi, na yi kwana uku ina yawo a Suame Magazine, nan Kumasi. Samarin makanikai suka yi ta dariya, wai a ina za su jona mata kwamfuta? Wani ma ya taya ta a kuɗin gwangwan.

Wani dattijo ne ya cece ni. Na ba ta wuta, ya kasa kunne, ya ce, "Ɗana, lafiyarta ƙalau, kafireta ce ta toshe." Ya kwance, ya wanke da fetur, ya hure, sai ga ta ta tashi.

Damuwata ita ce idonsa ya fara rauni, kuma ba shi da yaron aiki. Yanzu duk Asabar wurinsa nake kai ta, shi yana faɗa, ni ina riƙe da sifana.