Karatu a waje: kafin a jinginar da garka, a zauna a yi lissafi



Duk shekara, da zarar sakamakon bak ya fito, zance ɗaya ne ke yawo a zaure da fada da bakin tasha: ɗan wane zai tahi Maroko, ɗiyar wance an samo mata Kano, wane kuwa sai Turkiyya. Sunan ƙasa ake faɗi. Da wuya ka ji an faɗi sunan jami'ar, ko abin da yaron zai karanta, ko wanda zai riƙa biyan kuɗin har ya gama. A kan wannan nake son mu ɗan tattauna, domin bana maganar ta shigo har cikin gidanmu.

Ni na yi karatuna a wata jami'ar gwamnati a Najeriya, shi ya sa duk abin da ya shafi takarda a danginmu ni ake kira. Ɗiyar yayata ta ci bak, seri D, kuma aikin gona take son karanta. Mahaifinta manomin rake ne, garka ɗaya gare shi a fadama, da ita yake ciyar da gida. Wani ya zo ya ce masa akwai jami'a a bakin teku, babu jarrabawar shiga, a biya kawai yarinya ta fara, shekara uku ta dawo da digiri. Bawan Allah har ya fara neman wanda zai karɓi garkar jingina. Da yayata ta aiko kirana, abin da na roƙe shi shi ne ya ba ni sati biyu mu yi tambaya. Tambayoyin da muka bi ɗaya bayan ɗaya su ne na kawo muku.

Ta farko: wa ya san da jami'ar? Ba kowane gini mai allo a ƙofa ba ne jami'a. Mu a ƙasashe masu amfani da Faransanci muna da hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedkwatarta tana Wagadugu, kuma tana tantance difloma. A Najeriya hukumar NUC ce ke ba jami'o'i izini, ita ke duba kowane fanni daban. Wanda ya ga abin wasa ne ya tuna da ƙarshen 2023, lokacin da ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin sati shida. A watan Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin da ke fitowa daga Benin da Togo gaba ɗaya. Har yaran da suka yi karatu na gaskiya, iyayensu suka sayar da shanu, abin ya shafe su. Wannan ne ya sa nake cewa in dai za a fita, a fara duba jami'ar gwamnatin ƙasar da za a je. Ita ba ta rufewa dare ɗaya don mai ita ya ci bashi, kuma takardarta tana da wanda zai tsaya mata.

Ta biyu: in yarinya ta dawo, takardar za ta yi aiki a nan? Diflomar waje sai an kai ta Yamai an yi mata daidaito da tamu kafin a shiga sabis sibik ko a yi konkur na aikin gwamnati. Ranar da na kai tawa, abin da aka fara tambayata shi ne takardar bak ta asali, sannan makin kowace shekara da hatimin jami'a. Suna da ranar haihuwa sai sun zo ɗaya a kowace takarda. A nan ne wasu ƴan uwanmu na bakin iyaka ke faɗawa rami. Saboda baƙo ya fi ɗan ƙasa biyan kuɗin makaranta a yawancin jami'o'i, sai a je wata ƙaramar hukuma a yo wa yaro takardar cewa shi ɗan can ne, a sauya masa suna ko shekara. Ana ganin an yi wayo. Bayan shekara huɗu ko biyar sai ya dawo da digiri mai sunan wani mutum daban, wanda bai yi daidai da takardar haihuwarsa ta Matamaye ba. Banda haka laifi ne a dokar ƙasashen biyu. Kuɗin da aka rage a farko bai kai asarar da ake yi a ƙarshe ba.

Ta uku: da wane harshe ake koyarwa? Daga nan zuwa Kano, ta Ɗan Barto da Kwangwalam da Daura da Kazaure, bai kai kilomita 200 ba. Yamai kuwa ta haura kilomita 800. Ka yi kalaci a gida, ka yi azahar a Kano. Abinci namu ne, addini namu ne, Hausa kuma har a bakin mai shayi. Jami'o'in ma ba na yau ba ne: Ahmadu Bello ta Zariya tun 1962, ta Sakkwato mai sunan Usmanu Ɗanfodiyo tun 1975, Bayero ta Kano ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Hausar tana tsayawa a ƙofar aji, ciki Turancin Ingilishi ne zalla. Ni da na je da Ingilishin lise, wata shidan farko da ƙamus nake kwana. Lissafi da kimiyya na san su, sai dai malami na gama jimla ni ina kan fassara kalmar farko a kaina. Sannan shiga jami'a a can ta hannun hukumar JAMB ake bi, jarrabawarta a kan kwamfuta ake yi. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ya koya tun kafin ranar. A lissafa shekaru kuma: mu lisans shekara 3 ce, mastar 2. A Najeriya digirin farko shekara 4 ne, injiniya da aikin gona 5, likita 6. A Maroko da Aljeriya, an daɗe ana koyar da fannonin kimiyya da Faransanci, amma a kasuwa da cikin mota Larabcinsu na gida za ka ji, wanda ko mai allo ya sha wuya kafin ya kama shi. Kuma Aljeriya ta fara karkata zuwa Ingilishi a jami'o'inta, don haka a tambaya fanni-fanni.

Ta huɗu: karatun zai tafi ba tsayawa? A 2020 malaman jami'o'in gwamnati a Najeriya sun yi yajin aiki daga Maris har Disamba. A 2022 sun sake yi, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ɗan ƙasa ya koma gidan ubansa. Baƙo kuwa ya biya kuɗin ɗaki na shekara, ga shi zaune. Iyaka ma ba kullum take a buɗe ba, mu nan mun fi kowa sani. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta bayan 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Tun 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar ta fita daga CEDEAO a hukumance, saboda haka kada a dogara da yadda aka saba a da, a tambayi irin takardar zama da ake bukata yanzu, a yi wa yaro fasfo tun da wuri. Can nesa kuwa, yaƙin da ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilun 2023 ya kori ɗaliban Afirka masu yawa daga jami'o'in Khartum, wasu saura musu shekara ɗaya su gama. Babu wanda ya san gobe sai Allah, amma akwai abin da yake hannunmu: duk ƙarshen shekara yaro ya karɓi takardar makinsa mai hatimi, ya ɗauki hotonta ya aiko gida. In wani abu ya faru, da ita zai nemi ci gaba a wata jami'ar, ba sai ya koma ajin farko ba.

Ta biyar ita ce kuɗi, kuma a nan ne mijin yayata ya yi shiru. Mutane kuɗin rajista kawai suke lissafawa. Ina kuɗin ɗaki, abinci, littattafai, magani in ba lahiya, takardar zama, da kuɗin mota ko jirgi na zuwa hutu? A haɗa su, a ninka sau shekarun karatun, a ƙara shekara ɗaya ta ko-ta-kwana. Misali Faransa, wadda da yawa ke mafarki: a 2019 ta sa wa ɗaliban da ba ƴan Tarayyar Turai ba kuɗin rajista yuro 2,770 a shekara a matakin lisans, wato sama da sefa miliyan ɗaya da jika ɗari takwas, ko da yake wasu jami'o'in na yafe wani kaso. Ofishin jakadancinta na Yamai kuma an rufe shi tun Janairun 2024, neman biza ya zama wani aikin daban. A Najeriya, darajar naira ta faɗi ƙwarai tun Yunin 2023, mai sefa a hannu sai ya ga kamar araha ce. Amma a shekarar ne jami'o'in gwamnati da dama suka ƙara kuɗin rajista, abinci da haya ma suka tashi. Lissafin bara ba ya aiki bana.

Hanya mafi sauƙi ga ɗan talaka ita ce burs. Ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya na ba Nijar guraben karatu a makarantun gwamnatinsu, kuma ta hannun hukumar ANAB ake ajiye dosiye. Maki ake dubawa, akwai iyakar shekarun haihuwa, kuma lokacin ajiyewar gajere ne. Mu na nesa da Yamai sau da yawa labarin kan iso mu bayan an rufe. Don haka tun yaro na tarminal a haɗa masa takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa, hotuna da makin ajujuwan lise, a sa wani ɗan uwa a Damagaram ko Yamai ya riƙa sa ido. Kuma a sani, burs ba ta ɗauke komai, sai gida ya riƙa cikawa. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya samo muku burs ta bayan gida, ku riƙe kuɗinku.

Da yake ɗiya mace ce, yayata tata tambayar daban ce: ina za ta kwana, wa zai duba ta in ta kwanta ciwo? Tambaya ce mai kyau, kuma ba a allon jami'a ake samun amsarta ba. A mafi yawan garuruwan da ɗalibanmu ke zuwa akwai ƙungiyar ɗaliban Nijar. Mun nemi lambar wata ɗaliba da ke shekara ta uku a can, yayata ta yi magana da ita da bakinta, ta tambaye ta ɗakin kwana, ruwa, sanyin hunturu, da abin da take kashewa a wata. Abin da muka ji a minti ashirin ya fi duk takardun tallan da aka kawo mana.

Sai muka waiwayo gida. A da Yamai kaɗai ke da jami'ar gwamnati, amma tun 2010 akwai ta Damagaram, wadda yanzu ake kira André Salifou, da ta Maraɗi mai sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, da ta Tawa. Ta Maraɗi tana da sashen aikin gona. Namu ma suna da nasu jinkirin da cunkoson, ba zan ɓoye ba. Amma wanda ya yi lisans a gida, ya fita waje don mastar, shekara biyu kawai zai ɗauki nauyi, ya kuma girma ya san abin da ya je nema. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, wadda ke karɓar ɗaliban mastar da dokta daga ƙasashen yankinmu. Zariya na da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Ƙasar da suke bincike a kai irin tamu ce, gero da dawa da wake da gyaɗa.

Da muka zauna na ƙarshe, na ce wa mahaifinta: "Yaya, in garkar nan ta tahi, da mi za a ciyar da ƙannenta? Kuma in kuɗin jinginar suka ƙare a shekara ta biyu, wa za mu je wa?" Ita yarinyar ce ta yanke maganar. Ta ce: "Kawu, ni ban son a taɓa garkar Baba. A ajiye mini dosiyen burs. In ta fito in tahi, in ba ta fito ba in yi Maraɗi, ina koyon Ingilishi, in na gama in biɗi Kano." Haka aka yi. Dosiye yana Yamai, muna jira, rake kuma yana nan a fadama.

Ba na hana kowa fita. Ni kaina fita na yi, kuma na ga amfaninta. Abin da nake roƙo, kafin a sayar da sa ko a jinginar da gona, a rubuta sunan jami'ar da sunan fannin a takarda, a kai wa malamin lise ko wani da ya taɓa karatu a can ya duba. A tambayi Yamai ko ana karɓar diflomar. A ji ta bakin ɗalibin da ke can yanzu. Ku kuma ƴan uwa da kuka yi karatu a Kano, Zariya, Rabat, Aljas, Alƙahira ko Madina, kada ku jira sai an zo gaishe ku. In kun ji gidan da ake shirin tura yaro, ku taka ku je ku faɗi abin da kuka gani, daɗinsa da wuyarsa.

Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya sa su dawo su iske iyayensu lahiya.