Zanen Ƙofar Masallacinmu

Kwana biyu kun ji ni shiru, to wallahi ba komai ya jawo ba illa wata 'yar rigima da na tsoma kaina a ciki a nan unguwarmu ta Agege, wadda har yau Baba bai gama huce mini a kanta ba.

Akwai wani ƙaramin masallaci a layinmu da su kakana suka gina da kuɗin goro a 1962. Ginin bulo ne da siminti, don kowa ya san ruwan Ikko ba ya raga wa ginin ƙasa. Amma da aka zo shafe sai kakana ya aika Zariya aka sako masa wani magini a jirgin ƙasa, ya zo ya yi zane a saman ƙofa. Dagi ne babba a tsakiya, da siffar allo ɗaya a kowane gefe, sai wasu layuka masu nannaɗewa da suka kewaye su. Baba ya ce da 'yar wuƙa da cokali da yatsunsa ya yi shi tun simintin yana ɗanye. Ni dai a ƙarƙashinsa na tashi, a nan muke tara takalma in za mu shiga karatun allo, kuma gaskiya ban taɓa ɗaga kai na kalle shi da kyau ba sai da na ji za a rushe shi.

Jama'a sun yi yawa, ranar da aka yi ruwa rabinmu a jiƙe muke sallar isha'i. Kwamiti ya tara kuɗi za a faɗaɗa, a ɗora bene, a manna tayil har waje, a sayo kubba irin ta alminiyan ɗin nan mai ƙyalli da ake ɗora wa kowane sabon masallaci yanzu. Babu wanda ya ƙi wannan, har ni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da wani abokina ya yi, wai yanzu ne zai yi kama da masallaci. To da can kama da me ya yi?

Baba kan aike ni cikin Ikko karɓo kuɗi wajen abokan cinikinsa, kuma sau da yawa azahar kan riske ni a wajen titin Martins. A nan masallacin Shitta-Bey yake. Ranar da na fara ganinsa wuce shi na yi, don fuskarsa ta fi kama da tsoffin gidajen Aguda, wato jikokin bayin nan da suka dawo daga Brazil da sana'ar gini a hannunsu. Ashe ɗaya daga cikinsu ne ma ya tsara shi, João Baptista da Costa. Wanda ya ba da kuɗin, Muhammadu Shitta, ɗan kasuwa ne kamar iyayenmu, haifaffen Saliyo. An buɗe masallacin a 1894, kuma Sultan Abdulhamid na biyu na Santambul ya wakilto wani Bature Musulmi daga Liverpool, Abdullahi Quilliam, ya kawo masa sarautar Bey, wadda ta manne wa sunansa har yau. Ku duba fa, Sarkin Santambul da ke da manyan masallatai masu kubba a garinsa bai ce sai an yi irin nasa ba kafin ya karrama mai ginin. Musulmin Ikko sun gina da hannun da suka samu a garinsu.

Mu ma muna da namu hannun. A 2016 Baba ya tafi da ni Zariya ɗaurin auren wani ɗan uwa, muka yi Juma'a a masallacin ƙofar fada. Daga waje ginin siminti ne da aka lulluɓe tsohon da shi a shekarun 1970, amma da muka kutsa ciki sai na ga abin da ban taɓa gani ba: ginshiƙai na ƙasa masu kauri, an yi musu zane tun daga ƙasa, bakan gizo ya tashi daga wannan ya haɗu da na wancan a sama. Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a shekarun 1830. Babu rodi ko ɗaya. Tubali ne da azara, ita kuma azarar daga giginya ake tsaga ta saboda gara ba ta cika cin ta ba. Guntu-guntu ake jera ta, kowace ta ɗan leƙo gaban ta ƙasanta, a ɗaure a shafe da ƙasa, har bakan ya rufe. Ina tuna sanyin wurin, alhali a waje rana kamar za ta fasa kai. Maginin da ya zo mana Agege daga wannan gari ya fito, ko da kuwa shi siminti ya taɓa.

Da wannan ƙarfin gwiwa na je taron kwamiti bayan sallar isha'i, na tsuguna na gaida manya, na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, ina roƙon a bar mana zanen ƙofar nan." Na fara kawo zancen Zariya ke nan sai shugaban ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Yaro, wane masallacin Zariya? Wanda ya rufto wa mutane suna sallar la'asar?" Jikina ya yi sanyi. Gaskiya ya faɗa, ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na masallacin ya rufta, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Na so in ce ginin ƙasa dama sai da kulawa duk shekara, a duba indararo, a sake yaɓe kafin damina, kuma namu ai na siminti ne, tsagewa ko ɗaya babu. Amma bakina ya mutu. Kuma ko da na faɗa, bangon ƙofar ne daidai inda za a faɗaɗa, dole ya tafi.

A hanyar gida Baba bai ce mini uffan ba sai da muka kai ƙofa. Ya ce, "Kai da ko buhun siminti ɗaya ba ka bayar ba, kai ne za ka tashi a gaban sa'o'ina kana koya musu tarihi?" Na ba shi haƙuri. Abin da ya ba ni mamaki, ubansa ne fa ya kawo maginin.

Wanda ya fitar da ni birkilan da aka ba aikin ne, wani dattijo Bayarabe. Ya ga ina ta ɗaukar hoton zanen da waya, sai ya ce in zan biya kuɗin injin yanka da yara huɗu, zai iya yanko shi da bulon da ke bayansa gaba ɗaya. Na kwashe abin da nake tarawa don sayen babur na ba shi. Yini guda suka yi suna yi. Wajen saukewa kusurwar hagu ta ɓalle ta tafi da rabin allo ɗaya, na tsince gutsattsarin na zuba a leda. Dagin dai bai ko tsage ba.

Yanzu yana jingine a bayan shagon Baba, tsakanin huhunan goro, na rufe shi da buhu. Na roƙi a manna shi a bangon wurin alwala in an gama, kwamiti sun ce za su duba. Shekaranjiya da na dawo daga aike na tarar an ɗage buhun, an kuma sa katako biyu a ƙarƙashinsa don kada damshin ƙasa ya taɓa shi. Na tambayi yaron shago, ya ce Baba ne ya sa shi.