Ranar da Jiragen Sama Ke Jiran Turanci

Shekara uku muka yi, mu biyu miji da mata, muna koyar da Turanci a Siyol, babban birnin Koriya ta Kudu. Bizar wannan aiki, wadda ake kira E-2, galibi ƴan ƙasashe bakwai ake bai wa, ciki har da Kanada, inda muka yi karatu muka kuma sami fasfo.

Makarantar da ta ɗauke mu irin wadda Koriyawa ke kira hagwon ce, wato makarantar kuɗi ta ƙarin darasi, inda yara ke zuwa bayan an tashi daga makarantar gwamnati. Aikinmu yakan fara da la'asar. Dokar birnin ta ce a rufe irin waɗannan makarantu da ƙarfe 10 na dare, kuma sau da yawa sai lokacin muke kashe fitila. Da safe kuwa mu ne ɗalibai. A kasuwa da yatsa muke nuni, kamar yaran da ba su fara magana ba. Mun koyi cire takalmi a bakin ƙofa, da miƙa kuɗi da hannu biyu ga wanda ya girme mu. Mun daina jin haushi idan an tambayi shekarunmu a haɗuwar farko, domin da amsar ne Bakoriye yake sanin irin lafazin girmamawar da zai yi mana. Don gudun naman alade kuma, duk Juma'a mukan sayo nama a shagunan da ke kewaye da babban masallacin Itaewon, wanda aka buɗe a 1976.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wani yaro ɗan shekara 12 da ke yawan gyangyaɗi a ajin dare. Muka ɗauka raini ne, muka yi masa faɗa a gaban ƴan ajinsu, har muka rubuta wa iyayensa takarda. Washegari abokiyar aikinmu, Bakoriya, ta ja mu gefe ta ce, "Malamai, tun ƙarfe 8 na safe yaron nan ya bar gida, kuma ajinku shi ne hagwon na uku da ya shiga yau." Kunya ta rufe mu. Takardar tamu ta jawo masa fushin iyayensa, alhali gajiya ce kawai ta yi masa yawa.

Sai a watan Nuwamba muka gane nauyin da ke kansa. A wata ranar Alhamis ta wannan wata ake yin Suneung, jarrabawar shiga jami'a. Ma'aikatu sukan jinkirta buɗewa don hanya ta sami sauƙi, ƴan sanda su kai ɗaliban da suka makara. Lokacin da ake jarrabawar sauraron Turanci kuwa, kimanin minti 35, akan hana jiragen sama tashi da sauka don kada ƙararsu ta dami ɗalibai. Ashe darasin da muke ɗauka hanyar cin abinci ce kawai, su a wurinsu makomar rayuwa ce.

Daga nan muka sauya. Muka nemi gafarar yaron, muka rage aikin gida, muka kuma roƙi ɗalibai su koya mana Hangul, rubutunsu mai haruffa 24 da Sarki Sejong ya ƙirƙiro a 1443. Suna dariyar kurakuranmu, tsoron yin nasu kuskuren yana raguwa.

Ranar 15 ga Mayu, ranar malamai a Koriya, yaron ya miƙo mana kati da hannu biyu, rubuce da Hangul. Muka karanta da kanmu, sannu a hankali, yana gyara mana. Lalle tafiya mabuɗin ilimi ce. Muna roƙon iyaye da malamai, kafin a yi wa yaro faɗa, a fara tambayar yadda ya wuni. Allah ya shirya mana zuriya, amin.