Mai Zane Da Gidan Da Ya Tashi

Wanda ya taɓa zama a ajin yaƙi da jahilci ya san wani abin mamaki. Malami ɗaya ne, allo ɗaya, baƙaƙen da ya rubuta kuwa su dai kowa ya ke kwafa. Amma ran da aka tara littattafan 'yan aji, sai a tarar rubutun kowa dabam. Wanda ya yi makarantar allo yana yaro ya kan kwantar da baƙi ya ja masa wutsiya, don ya saba da alƙalamin kara. Maɗinki ya kan jera nasa daidai wa daida kamar aikin wuyan riga. Manomi kuwa sai ya danna fensir har ya kusa huda takarda. Malami ya koya wa kowa baƙi, amma hannun da kowa ya zo da shi aji, tun daga gida aka hore shi.

Haka al'amarin masu zane ya ke, labarin wani ɗalibi da ya yi karatu a Samaru kuwa ya isa shaida.

Sunansa Uche Okeke, an haife shi a 1933. Asalin iyayensa mutanen Nimo ne a ƙasar Ibo, amma a Kafanchan ya tashi, garin da hanyoyin jirgin ƙasa suka haɗu. Ubansa kafinta ne, ya rasu tun Uche yana yaro, saboda haka renonsa ya koma hannun uwarsa. Ita kuwa ta iya tatsuniya, ta kuma iya wata sana'a ta matan Ibo wadda a ke kira uli.

Uli ɗan'uwan katambiri ne. A kan matse ruwan 'ya'yan wani itace, mace ta ɗauki 'yar wuƙa siririya ta tsoma, ta yi wa 'yar'uwarta zane a jiki domin biki. Da fari ba ya fita sosai, sai ya kwana ya yi baƙi, ya yi kamar mako guda sa'an nan ya dushe. Su kan kuma yi irinsa a bangon ɗaki da jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi. Siffofinsa daga abubuwan da su ke gani kullum aka ɗauko su: jinjirin wata, nannaɗewar maciji, farcen damisa, tsagar kan goro. Wuyar aikin ita ce ba a gogewa. In wuƙa ta sauka a fata, sai ta tafi har ƙarshen layi da ja ɗaya, ba tsayawa, ba rawar hannu. Gwanar kuma ba ta cika jiki da zane, ta kan bar fili, don filin nan shi ke fito da kyan layin.

Uche ya yi makaranta a Kafanchan da Onitsha da Orlu, ya kama aikin akawu a Jos, yana zane in ya tashi daga ofis. A 1956 aka nuna zane-zanensa a gidan kayan tarihi na Jos. Bayan wannan ya sami shiga Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda aka ɗauko sashenta na koyar da zane daga Ibadan aka kawo Zariya a 1955. Mazauninta Samaru, a kan hanyar Funtuwa, ita ce kuma ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Yawancin malaman sashen Turawa ne, sun kuwa koyar da abin da suka sani tsakani da Allah, watau zane irin na makarantun Ingila. Su kan koya wa ɗalibi awon jikin mutum gaɓa gaɓa, da yadda abu ke ƙanƙancewa in ya yi nisa, da inda haske ke sauka da inda inuwa ke kwanciya. Ilmi ne mai amfani ƙwarai. Sai dai a cikin darasin babu inda aka tanadi wuri domin abin da yaran suka baro a gidajen iyayensu.

Ga shi kuwa da ɗalibi ya fita ƙofar kwaleji sai ya ci karo da wata makaranta wadda ba ta da allo. In ya nufi Birni, ta gefen Sabon Gari zai bi, unguwar da ta kafu saboda jirgin ƙasa da ya iso wajen 1911. Gari ne irin Kafanchan, inda Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe ke cin kasuwa ɗaya, kowa da irin tufarsa da irin tsagar fuskarsa. A nan zai ga shuɗin zanen Yarbawa, da ƙoren da aka yi wa sassaƙa, da tabarmi masu launi. In ya wuce Tudun Wada ya shiga ganuwa, ga zanen magina a fuskar zaure, ga aska takwas a ƙirjin riga, ga masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Duk waɗannan masu aikin ba wanda ya taɓa zama a aji, amma ba mai cewa ba su iya zane ba.

A 1958 waɗansu daga cikin ɗaliban suka kafa ƙungiya tasu, wadda daga baya mutane suka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke. Tawayen nasu bai kai ga ƙin shiga aji ba. Su kan yi aikin da malami ya sa su, in sun koma ɗaki kuma su yi nasu. A 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, Uche yana shugaban ƙungiyar ya bayyana manufarsu: kowa ya binciki fasahar ƙasarsu, ya ɗauki mai kyau daga cikinta, ya haɗa da mai kyau na Turawa, har su zama abu guda.

Da suka shiga binciken, sai kowa ya tarar da ƙuruciyarsa tana jiransa. Onobrakpeya ɗan masassaƙi ne a ƙasar Urhobo, ya kuwa shahara a kan zanen da a ke sassaƙawa a kan allo a buga a takarda. Nwoko ɗan sarki ne, ya tashi yana kallon ginin fadar ubansa, daga baya ya zama mai tsara gine-gine. Grillo ɗan Ikko ne, zanensa ya cika da shuɗi irin na rinin matan Yarbawa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Amma kada a zaci gado shi ke yi wa mutum aiki yana kwance. Zanen Uche na farko a Samaru, inda ya siffanta dodanni da namun dajin tatsuniyoyin Ibo da alƙalami da tawada, labarin na gida ne, amma layin uli bai zauna a hannunsa ba tukuna. Sai da ya koma ya ƙasƙantar da kai, shi ɗan kwaleji, ya nemi sanin uli wurin uwarsa da sauran matan da suka iya, ya yi ta gwadawa. Ya gama Samaru a 1961. A 1962 ya fitar da jerin zanen da a ke kira Oja, a nan ne fa aka ga abin ya nuna: layi ɗaya siriri ya taso ya lanƙwasa ya nannaɗe, sai ga fuska, sai ga itace, ga kuma farar takarda an bar ta tana numfashi. Wanda ya san uli, da ya gani ya san inda aka sha nono. Daga farkon shekarun 1970 ya shugabanci sashen zane a Jami'ar Nsukka, ya sa ɗalibansa su ma su koyi uli, har sana'ar da a dā matan ƙauye kaɗai ke yi ta shiga manyan gidajen nuna zane na Turai da Amurka. Ya rasu a 2016.

To, ina ruwan magidanci da wannan labari? Ruwansa shi ne yaron nan da ke durƙushe a ƙofar gida yana zana ƙasa da tsinke, ko wanda ya sami gawayi ya ɓata bangon zaure. Sau da yawa abin da ya ke samu tsawa ne da rankwashi, a ce ya tashi ya bar shiririta. Bango dai a hana shi ɓatawa, amma a ba shi takarda ko allo. Wanda kuma ba ya son ɗansa ya yi surar mai rai, ai fagen zane yana da faɗi. Akwai zayyanar allon sauka, akwai dagi, akwai aikin hula da na sirdi da na ƙwarya, duk gadon gida ne. A bar shi ya zauna kusa da kakarsa sa'ad da ta ke saƙa faifai, a tafi da shi wurin magini ran da a ke yi wa soro ado. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, ido ma haka.

Makaranta za ta ba shi awo da kayan aiki in lokaci ya yi. Amma in masu sana'ar gida suka ƙare ba wanda ya zauna kusa da su, ran da yaron ya girma ya waiwayo neman nasa, ba zai sami wanda zai tambaya ba. Uche Okeke ya yi sa'a, da ya waiwaya ya tarar da uwarsa tana nan da ranta, da saninta. Allah ya sa 'ya'yan masu karatun nan su yi irin wannan sa'a, amin.